Bayan Aikin Sauya Ƙugu: Yadda Za Ka Bambance Ciwon Warkewa Da Na Komawa Asibiti

Wanda aka yi wa aikin sauya gaɓar ƙugu yakan yi kwana uku zuwa biyar a gadon asibiti, sannan a sallame shi da takarda, da ledar magunguna, da sanduna biyu. Sauran warkewar, wadda ke cin wata uku har zuwa shekara, a gida ake yin ta, inda babu nas balle likita. A nan ake samun kuskure iri biyu. Wani zai ga cinyarsa ta kumbura ta yi baƙi, ya tayar da mutanen gida da tsakar dare, alhali jini ne kawai ya kwanta. Wani kuma ɗinkinsa na tsattsafo da ruwa har kwana goma, ana tambayarsa yana cewa da sauƙi, sai dai a aika yaro kemis ya karɓo kafso. Na biyun shi ne wanda ke iya rasa ƙarfen da aka sa masa.

Ma'aunin da za ka riƙe daga farko har ƙarshe guda ne: ina abin ya dosa? Ciwon warkewa yana raguwa daga mako zuwa mako, ko da yau ya fi jiya saboda ka yi tafiya da yawa. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi ba tare da dalili ba, ko wanda ya faɗo farat ɗaya, shi ake kai wa likita.

Mataki na farko: san abin da aka sa maka

Gaɓar ƙugu kamar ƙwallo ce a cikin ƙoƙo. A wurin aiki ana yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a soka sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargon ƙashin, a ɗora mata sabon ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran. A ɓangaren ƙugu kuma a kankare tsohon ƙoƙon, a dasa na ƙarfe, a yi masa shimfiɗa ta roba mai tauri ko ta tangaran. Wani lokaci ana kafe su da simintin ƙashi, wani lokaci kuma ana matsa su ne a bar ƙashinka ya tsiro ya kama su, abin da ke ɗaukar kamar mako shida zuwa goma sha biyu. Salon da ake bi a yau ya samo asali ne daga aikin John Charnley a asibitin Wrightington na Ingila a farkon shekarun 1960. A Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu asibitocin koyarwa suna yin sa.

Ƙarfe da robar da aka sa maka ba sa jin ciwo. Abin da ke maka ciwo bayan aiki shi ne naman da aka yanka ko aka buɗa aka bi, da ƙashin da aka kankare. Kuma wannan naman ne ke riƙe ƙwallon kada ya fita daga ƙoƙonsa, shi ya sa makonnin farko suke da dokoki.

Mataki na biyu: kada ka bar asibiti sai ka sami waɗannan amsoshin

Ranar sallama kowa na sauri, mara lafiya kuma yana jin nauyin tsayar da likita. A ajiye wannan kunyar. A sami mutum ɗaya cikin masu jinya mai biro da takarda, ya rubuta amsar kowace tambaya.

Ta ina aka shiga, ta baya, ta gefe ko ta gaba? Duban inda tabon yake ba ya wadatarwa, a tambaya, domin dokokin zama da kwanciya sun dogara a kan wannan.

Nauyi nawa zan ɗora wa ƙafar? A takarda za ka iya ganin FWB, wato ka taka da dukkan nauyinka gwargwadon yadda za ka iya jurewa. PWB na nufin wani kaso kawai, sauran a kan sanduna. NWB na nufin kada ƙafar ta ɗauki nauyi sam. Yawancin mutane ana ba su izinin takawa tun ranar farko ko ta biyu, amma idan ƙashin ya tsage a wurin aiki ko ba shi da ƙwari, likita zai taƙaita.

Maganin hana daskarewar jini har zuwa wace rana? Yaushe za a cire zare ko ƙusoshin ɗinki, kuma wa zai cire? Galibi tsakanin kwana 10 zuwa 14 ne. Wace lamba za a kira da dare? Nawa ne PCV ɗina, wato awon yawan jinina, a yau? Sannan a nemi takardar bayanin aikin da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da girmansa. Ranar da za a buƙace ta, ko da bayan shekara goma sha biyar ne, babu mai iya tuno ta da ka.

Idan nas ta gama bayani, ka maimaita mata da bakinka: "Wato wannan allurar sau ɗaya a rana da ƙarfe takwas na dare har kwana ashirin da takwas, haka ne?" A wannan maimaitawar ake kama yawancin rashin fahimta. Gyaɗa kai ba ya nuna an gane.

Mataki na uku: karanta katin magani

Likitocinmu suna da gajerun alamomi da suka saba rubutawa. Idan ka ga od ko daily, sau ɗaya a rana ke nan. Bd sau biyu. Tds sau uku. Qds sau huɗu. Nocte da dare. Prn kuma sai idan an buƙata. Lamba a kan 7 kwanaki ne, a kan 52 makonni, a kan 12 watanni. Saboda haka 5/7 kwana biyar ne, 6/52 mako shida. Sau uku a rana na nufin kusan duk awa takwas, ba safe da hantsi da azahar a jere ba.

Maganin hana daskarewar jini shi ne wanda aka fi yi wa sakaci, saboda ba ya rage ciwo, mutum ba ya jin aikinsa, ga shi da tsada. Ana ba da shi na mako huɗu zuwa biyar. Yana iya zama allurar enoxaparin, galibi miligiram 40 sau ɗaya a rana, ko ƙwayar rivaroxaban miligiram 10 sau ɗaya a rana, ko apixaban miligiram 2.5 sau biyu, ko asfirin, ya danganta da abin da likitanka ya zaɓa. Idan kuɗin ya gagara, a faɗa wa likita ya canza zuwa mai sauƙi, kada a daina shiru. Allurar a fatar ciki ake yin ta, nesa da cibiya da kamar faɗin yatsu uku. A tsunkuno fatar, a soka a miƙe, a tura duka, kada a fitar da 'yar iskar da ke cikin sirinjin, kada kuma a murza wurin bayan an zare. Yau dama, gobe hagu. Idan an manta ƙwaya, ba a haɗa biyu don ramuwa.

Farasitamol ga babba giram 1 ne duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a awa 24, kuma ƙasa da haka ga wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. A duba kwalayen sauran magunguna, domin da yawan magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da farasitamol a ciki. Diclofenac da ibuprofen da irin haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, kada a sha su a kan maganin hana daskarewar jini sai da sanin likita: haɗuwarsu na iya fasa jini a ciki, kuma suna wahalar da ƙoda. Tramadol da dangoginsa na kwanakin farko ne, a rage su da zarar ciwo ya lafa, a kuma kulle su inda matasan gida ba za su kai ba. Dabara mai amfani ita ce shan maganin ciwo minti talatin zuwa arba'in kafin motsa jiki.

Muddin kana kan maganin hana daskarewar jini, babu ƙaho, babu tsaga, babu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti goma, jini a fitsari, ko bayan gida baƙi mai danƙo da wari kamar kwalta, duk na asibiti ne a ranar. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, sai dai nata ba ya danƙo.

Mataki na huɗu: gyara gida kafin ka iso

Rayuwarmu ta ƙasa ce: tabarma, katifa a ƙasa, kujera 'yar tsugunno, masai na tsugunne, cin abinci a ƙasa. Duk waɗannan su ne ainihin abin da sabon ƙugu ba ya so. Ga wanda aka shiga ta baya, dokoki uku ne na mako shida zuwa goma sha biyu: kada gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu idan kana zaune, kada ka harɗe ƙafafu, kada ka juya ƙafar ta kalli ciki. Haɗuwar ukun, kamar mutum ya zauna a ƙaramar kujera ya sunkuya ya juya don ɗaukar buta a gefensa, ita ce ke fitar da ƙwallo. Wanda aka shiga ta gaba shi kuma an fi hana shi miƙa ƙafar baya sosai tare da juya ta waje. Wasu likitocin yanzu sun sassauta waɗannan dokoki, to bi na wanda ya yi maka aiki, shi ya ga yadda gaɓar ta zauna.

Gwajin kujera mai sauƙi ne. Tsaya a gabanta: idan mazauninta bai kai saman bayan gwiwarka ba, ta yi ƙasa. A nemi mai tauri mai hannaye, a ƙara mata matashi mai ƙarfi idan da buƙata. Kujerun falo masu nutsewa ba su dace ba. Gado ma haka, a ɗaga shi.

Bandaki shi ne babbar matsala. Idan na tsugunne ne, a sayi kujerar bayan gida ta marasa lafiya, ko a sa mai walda ya haɗa ta da ƙarfe, da hannaye biyu, tsayinta ya ɗan zarce gwiwarka, a ɗora ta a kan ramin. Kujerar roba da aka huda ba abin yarda ba ce, ƙafafunta kan buɗe a kan jiƙaƙƙen siminti. Idan na zama ne, yawanci shi ma ya yi ƙasa, sai an ƙara masa abin ɗagawa. A kwashe dardumai da wayoyin caji daga hanya, a ajiye tocila a bakin gado saboda ɗaukewar wuta. Silifas mai santsi a ajiye shi, a sa takalmi mai riƙe dunduniya.

Salla a kan kujera za a yi ta, da nuni a ruku'u da sujada, ba tare da sunkuyawa can ƙasa ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba wanda ba zai iya tsayuwa ba damar yin ta a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Komawa sujada a ƙasa da zaman tahiya sai likita ya duba ya yarda, galibi ba kafin wata uku ba, domin zaman tahiya yana haɗa lanƙwasa da murɗawa. Wajen alwala kada ka ɗaga ƙafa ko ka sunkuya gare ta. Zauna a doguwar kujera wani ya zuba maka ruwa ya wanke. Wando kuwa ƙafar aiki ake fara sawa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen cirewa.

Kwanciya rigingine ta fi, da matashi tsakanin cinyoyi. Idan an ba ka izinin juyawa, kwanta a kan lafiyayyen gefen da matashi mai kauri tsakanin gwiwoyi, don kada ƙafar aiki ta faɗo ta tsallaka.

Mataki na biyar: abubuwan da za ka gani waɗanda ba na tashin hankali ba ne

Kumburi yakan ƙaru a makon farko bayan komawa gida, ya gangara daga cinya zuwa gwiwa har idon sawu, saboda ruwa ƙasa yake bi. Alamar na lafiya ita ce da safe ya saɓe, da yamma ya dawo. Yana iya kai wata uku, wasu har shida. Maganinsa kwanciya rigingine na minti talatin sau biyu ko uku a rana, da matasai a ƙarƙashin dukkan ƙafar daga sha-raɓa zuwa dunduniya. Zaman kujera na awa uku ana karɓar 'yan dubiya, ƙafa na reto, shi ke ƙara shi. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, tana taimakawa. Gashi da ruwan zafi da murza da man zafi a kusa da ɗinki kuwa a bar su, suna ƙara kumburi da zubar jini a ciki.

Kwanciyar jini kan fito bayan kwanaki, wani lokaci nesa da ɗinki, a bayan cinya ko bayan gwiwa. A baƙar fata takan yi duhu kamar an shafa shuni. Tana bajewa da kanta cikin mako biyu zuwa uku.

Ciwon cinya, ɗuwawu, matsematsi, har da gwiwa, duk ana samu. Gwiwar na ciwo ne saboda an murɗa ƙafar a wurin aiki, kuma jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙugu suna kaiwa har can. Taurin gaɓa a takun farko bayan dogon zama, wanda ke saki bayan taku biyar ko goma, shi ma na hanya ne. Fatar gefen tabo takan mutu ba a jin taɓawa, ko ta riƙa tsira kamar allura. Wanda aka shiga ta gaba yakan ji haka a gefen cinya ta waje. Yawanci yana raguwa cikin watanni, ko da ɗan wuri ya saura.

Mutane da yawa suna rantsuwa cewa ƙafar aiki ta fi ɗayar tsawo. Sau da yawa ƙugu ne ya karkace tsawon shekarun da aka yi ana ɗingishi, tsokoki kuma suka ɗaure. Kada a yi gaggawar kai takalmi wurin mai gyara a ƙara masa dunduniya. A ba shi wata uku zuwa shida, in bai daidaita ba likita ya auna.

Kasala tana ba mutane mamaki fiye da ciwo. An zubar da jini, jiki kuma yana gini, ga barci ba ya samuwa saboda kwanciyar rigingine. Mako huɗu zuwa shida ana jin haka. A ci ƙwai, wake, kifi, nama, hanta, zogale da alayyahu. Amma jiri idan an miƙe, bugun zuciya da haki daga ɗan motsi, da farin tafin hannu, suna nuna a sake auna jini. Bayan gida kan ɗaure saboda tramadol da rashin motsi: a sha ruwa sosai, a ci ganye da gwanda, idan an kwana uku babu labari a nemi maganin sassautawa. Ƙaramin zafin jiki a kwana biyu ko uku na farko martanin jiki ne ga yanka.

Mataki na shida: abubuwan da ba a kwana da su

Daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Sha-raɓa ta yi tauri, ta yi zafi, tana ciwo idan an matsa, kumburin kuma bai saɓe da safe ba ko bayan an ɗaga ƙafar. Tun da ƙafar dama a kumbure take, ido kaɗai ba ya rarrabewa. A sami tef ɗin tela, a yi alama da biro a wurin da sha-raɓa ta fi kauri, a auna kowace safiya a wuri ɗaya, a rubuta. Idan lambar na hawa maimakon sauka, a je a yi hoton jijiya a ranar. Kada a murza, murzawa na iya ɓamɓaro gudan jinin. Idan ya tafi huhu, za a ga numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ƙirji na suka idan an ja iska, zuciya na gudu, wani lokaci tari da jini ko suma. Wannan na ɗauka a tafi ne nan take, ko ƙarfe nawa ne.

Shigar ƙwayoyin cuta. Ɗinki mai lafiya yakan bushe cikin 'yan kwanaki. Wanda ke jiƙa bandeji bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko ya bushe ya dawo yana zuba, ko yana fitar da mugunya ko wari, likitan da ya yi aikin ne zai gan shi. Littattafai suna cewa a duba ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. A dogara da bayan hannu: a taɓa gefen ɗinkin, a taɓa wuri ɗaya a ɗaya cinyar, a kwatanta zafi. A duba ko fatar ta yi ƙyalli, ta yi tauri, ta ƙara duhu. A zagaye iyakar wurin da biro, gobe a ga ko ya tsallake layin. Zafin jiki da ya kai digiri 38 bayan kwana na uku, musamman da rawar sanyi, ko ciwon ƙugu da ke ƙaruwa har a kwance, suna cikin alamun.

A nan ne aka fi yin ɓarna. A wurinmu duk zazzaɓi maleriya ce ko taifod har sai an ga akasin haka. A yi gwajin maleriya, babu laifi, amma ko ya nuna akwai, a sanar da likitan ƙashi, domin ana iya samun biyun tare. Kuma kada a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi ruwan gaɓar a gwada. Dalili shi ne ƙarfe ba shi da jini, maganin da ka sha ba ya isa gare shi yadda ya kamata, ƙwayoyin kuma suna gina wa kansu wani yauƙi a jikinsa su ɓuya. Kafson kemis zai kwantar da zazzaɓin, ya ɓata sakamakon gwaji, cutar kuma tana nan. Idan an kama ta a makonnin farko, sau da yawa ana iya buɗewa a wanke a bar ƙarfen. Idan ta daɗe, sai an cire komai, a yi makonni ana magani, sannan a sake sabon aiki da sabon kuɗi.

Gocewar gaɓa. Mafi yawanta a wata uku na farko take faruwa. Mutum zai ji wani abu ya ɓalle, ciwo mai tsanani ya biyo, ƙafar ta gajarce ta juya ciki ko waje, ba ta takuwa. Kada a ja, kada a gwada miƙar da ita, kada kuma a kira maɗori. Ɗori ba shi da abin yi a nan, jan ƙarfi na iya karya ƙashin da ke riƙe da sandar ƙarfen. A ɗauke shi a yadda yake, a kwance, kada a ba shi abinci ko ruwa, saboda za a sa shi barci kafin a mayar. Faɗuwa ma haka: duk wanda ya faɗi ya kasa takawa kamar da, sai an yi hoton ƙashi.

Akwai wasu uku da ake mantawa. Idan ka kasa ɗaga tafin ƙafa sama, yatsu na jan ƙasa, jijiya ce ta taɓu, a faɗa da wuri. Idan fitsari ya ƙi fita mara ta cika, musamman ga dattawa maza, asibiti ne. Tsoho kuma da ya fara ruɗewa, yana surutai, bai gane 'ya'yansa, kafin a ce iska ce ko tsufa a duba ciwon fitsari, ƙarancin jini, ƙarancin ruwa ko yawan maganin ciwo.

Mataki na bakwai: motsi

Tausayin masu jinya kan yi yawa, su hana mara lafiya ko ɗaukar kofi. Kwanciya ita ke kawo daskarewar jini da ciwon huhu da mutuwar tsoka. Tun daga gado: motsa tafin ƙafa sama da ƙasa sau goma duk awa idan kana farke. Danna bayan gwiwa a katifa ka ƙirga biyar, sau goma. Matse ɗuwawu ka ƙirga biyar, sau goma. Ja dunduniya a kan gado zuwa gare ka ka mayar, ba tare da wuce iyakar da aka ba ka ba. Zame ƙafar gefe ka dawo da ita tsakiya, yatsu na kallon sama. A yi waɗannan sau uku a rana, sauran kuma likitan gashin ƙashi, mai koyar da motsa jiki, zai ƙara.

Tafiya gajera sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya: minti biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a rana a makon farko, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ciwo da kumburin gobe sun fi na yau sosai, ka zarce, koma baya kaɗan. Sanduna a tafin hannu nauyinsu yake, ba a hammata ba. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sanda. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka sanduna da ƙafar aiki ke fara sauka. Idan an koma sanda ɗaya, a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen aiki ba. Kada ka yar da ita don mutane su ce ka warke. Lokacin ajiye ta shi ne ranar da ka iya tafiya ba ɗingishi, galibi mako huɗu zuwa shida ko fiye.

Mota: kujerar gaba, a tura ta baya, a ɗan kwantar da ita. Juya wa kujerar baya ka zauna, sannan ka shigo da ƙafafu tare. Babur babu shi a wannan lokacin, a-daidaita-sahu ma kujerarsa ta yi ƙasa ga jijjiga. Tuƙi sai wajen mako shida, idan ka daina maganin da ke sa maye kuma kana iya taka birki da ƙarfi ba tare da shakka ba. Kusantar iyali ma wajen mako shida ne, mai aikin yana rigingine. Tambaya ce da ake jin kunyarta, amma likitoci sun saba da ita.

Masu sikila, masu suga, da waɗanda aka yi wa aiki a waje

A ƙasar Hausa da yawan waɗanda ake yi wa wannan aikin matasa ne masu sikila, waɗanda jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsu har ya ruɓe ya lotsa. Su ba a sa musu ƙanƙara, sanyi na tayar da ciwon sikila. A dage da shan ruwa. Kada su sha ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai an auna, domin wanda aka sha ƙara wa jini yana iya kasancewa da shi fiye da kima. Zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji a wurinsu na gaggawa ne, kuma ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama su. Mai suga ya riƙa aunawa kullum, sugan da ya hau yana hana ɗinki kamewa. Sigari da shisha suna rage jinin da ke isa ciwo. Idan azumi ya riski mutum a makonnin farko, ya tambayi likita kafin ya ɗauka, saboda ƙishirwa da lokutan magani.

Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar, doguwar tafiyar jirgi tana ƙara masa haɗarin daskarewar jini. Ya karɓi izinin tafiya a rubuce, ya ci gaba da maganinsa, ya nemi kujerar bakin hanya don ya riƙa miƙewa duk awa ɗaya ko biyu. Ya taho da bayanin aikin da hotunan ƙashi, kuma tun kafin ya tafi ya sami likitan ƙashi a gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi.

Daga mako shida zuwa gaba

Ganin likita na mako shida ba a tsallake shi ko da kana jin garau. A nan ake duba tafiyarka, a ɗage dokoki ko a tsawaita su. Aikin ofis ana komawa tsakanin mako shida zuwa takwas, aikin ƙarfi kamar noma da dako sai wata uku ko fiye, tare da shawara. Tafiya a ƙafa, iyo da keken motsa jiki suna da kyau. Gudu, tsalle da ƙwallon ƙafa suna cinye robar da wuri.

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin wannan gaɓa suna kai shekara 25. Ga ɗan shekara talatin wannan na nufin ya sa a ransa akwai yiwuwar sake aiki wata rana, shi ya sa takardar ƙarfen take da daraja. Ciwon haƙori, maruru ko ciwon fitsari, a yi maganinsu da wuri, domin ƙwayoyin cuta na iya bin jini su sauka a kan ƙarfen ko bayan shekaru. A faɗa wa duk likitan da zai yi maka wani aiki ko hoton MRI cewa kana da ƙarfe, a kuma sa rai na'urar filin jirgi za ta yi ƙara. Sabon ciwo a matsematsi ko tsakiyar cinya da ya ɓullo bayan shekaru ana lafiya, musamman a takun farko idan an tashi daga zaune, yana iya nuna ƙarfen ya fara girgiɗi, kuma hoton ƙashi ne zai nuna ko haka ne.